Muhawara: Wane ne SOM, masu zanen dogayen benayen ofisoshi?

Aminu Ɗalibi: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. An ba mu aikin gida a kan tarihin dogayen benayen ofisoshi, kuma duk inda na duba sai in ci karo da haruffa uku, SOM. Benen Sears na Shikago, su ne. Burj Khalifa, su ne. Sabon benen da aka gina kusa da gurbin tagwayen benayen Niyok, shi ma su ne. Abin da ya ɗaure mini kai, ban ga mutum guda da ake cewa shi ne gwanin ba. Don Allah a taimaka mini.

Malam Habibu: Wa alaikumus salam Aminu. Ba za ka ga mutum guda ba, domin tun daga tushe ba a kan mutum guda aka kafa abin ba. Haruffan sunayen mutum uku ne: Louis Skidmore, Nathaniel Owings da John Merrill. Biyun farko surukan juna ne, Skidmore ya auri 'yar'uwar Owings. Sun yi aiki tare a babban bajekolin Shikago na 1933, inda Skidmore yake shugabantar sashen zane. A 1936 suka buɗe ofis a Shikago, lokacin da tattalin arzikin Amurka yake kwance, ba mai gina komai. Shekara ɗaya bayan nan suka raba ƙafa, Skidmore ya koma Niyok ya buɗe ofishi na biyu, Owings ya zauna Shikago. Merrill ya shigo a 1939, shi kuma ya haɗa ilimin zane da na injiniya.

Abin da ya fito da su ma ba dogon bene ba ne, yaƙi ne. Lokacin yaƙin duniya na biyu gwamnatin Amurka ta ba su kwangilar tsara gari sukutum a asirce, Oak Ridge a jihar Tennessee, inda ake sarrafa sinadarin yuraniyom na bam ɗin nukiliya. Gidaje, makarantu, asibiti, kantuna, hanyoyi, duk a cikin gaggawa. A 1945 mutanen garin sun kai wajen 75,000. Merrill da kansa ya tare can. A wannan aiki suka koyi yadda ake tafiyar da ɗaruruwan ma'aikata a kan zane ɗaya ba tare da an rikice ba. Da yaƙi ya ƙare, manyan kamfanoni suka fara neman sababbin hedikwata, sai aka tarar su ne suke da hannayen ɗaukar irin wannan kaya.

Injiniya Sani: Malam Habibu ya faɗi daidai, amma Aminu ka riƙe wannan da kyau: sunan na uku shi ne sirrin gidan. A al'adar da aka saba, mai zane ya gama mafarkinsa a takarda, sannan ya aika wa injiniya ya ce nemo yadda zai tsaya. Su kuwa sun zaunar da injiniya a teburi ɗaya da mai zane tun ranar farko, kuma injiniya yana iya zama cikakken mai hannun jari a kamfanin. Duk wani abin mamaki da suka gina daga baya, daga nan ya samo asali.

Aminu Ɗalibi: To Yallabai, cikin mutum ukun wa ya zana benayen da suka yi suna?

Hajiya Binta Mai Zane: Babu ko ɗaya, ƙanena. Su ukun sun fi ƙwarewa wajen samo aiki da riƙe mutane. Masu zanen wasu ne da suka ɗauka aiki. Na farkonsu Gordon Bunshaft na ofishin Niyok, kuma ginin da ya kamata ka fara da shi shi ne Lever House, hedikwatar kamfanin sabulu na Lever a titin Park Avenue, wanda aka gama a 1952.

Bari in kwatanta maka shi. A lokacin, benayen Niyok na dutse ne da bulo, masu kauri, suna tsukewa hawa-hawa saboda dokar gini ta 1916 da ta ce a bar rana ta sauko titi. Amma dokar ta bar ƙofa: in benenka bai ci fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na filin ba, kana iya miƙe shi sambal. Bunshaft ya bi ta wannan ƙofa. Ya kwantar da faffaɗan gini mai hawa ɗaya a kan ginshiƙai, ƙasansa a buɗe kowa ya ratsa, tsakiyarsa da lambu, sannan ya tsayar da siririn bene mai tsayin mita 94 a gefe guda. Duk jikinsa gilashi ne mai launin tsanwa-tsanwa da siraran ƙarafa. Gilashin ba ya ɗaukar nauyin komai, rataye shi aka yi a jikin ƙarfen ginin. Tagogin ba sa buɗuwa ko ɗaya, iskar ciki duk ta na'ura ce. Da yake ba a iya leƙowa a goge, sai aka ƙera wani keji da ake saukarwa daga rufi, mutum biyu a ciki suna wanke gilashin da sabulun kamfanin. Ga mai sayar da sabulu, babu tallar da ta kai wannan.

Alhaji Garba Ɗan Kwangila: Hajiya, wannan Lever ɗin dai shi ne namu na Omo da Lux?

Malam Habibu: Shi ne Alhaji, reshensu na Amurka. Uwar kamfanin ta Ingila ita ta sayi Niger Company a 1920 don neman manja da sauran kayan mai na yin sabulu, daga nan kuma UAC ta fito a 1929.

Alhaji Garba Ɗan Kwangila: To madalla, ashe na san mai gidan. Amma ni fa ina da ƙorafi a kan wannan gini da kuke yabo, kuma ba da wasa nake ba. In dai shi ne uban akwatunan gilashin nan, to ya haifar mana wahala. Na taɓa karɓar gyaran wani benen ofis a ɗaya daga biranenmu, fuskarsa ta yamma gilashi daga sama har ƙasa, babu taga ɗaya mai buɗuwa. Da azahar in ka dafa gilashin ta ciki sai ka janye hannu. Ranar da janareta ta tsaya, kafin la'asar kowa ya kwashe fayil ɗinsa ya sauko gindin bishiya. Ma'aikatan sun bi sun manna jaridu da kwali a jikin gilashin da aka kashe miliyoyi aka sayo. Mai ginin kuɗin dizal ya fi ƙarfinsa. Wa ya koya wa mutane cewa ofis sai ya zama haka kafin a kira shi na zamani? Ba waɗannan mutanen ba?

Hajiya Binta Mai Zane: Alhaji, ƙorafinka yana kan hanya, kuma ko a Amurka an yi musu shi. Cikin shekara goma titin Park Avenue ya cika da kwaikwayon Lever House, yawancinsu ba lambu, ba fili, akwati kawai. Shi kansa Lever House ruwa ya riƙa shiga bayan gilashin, ƙarafan suka yi tsatsa, gilasai suka riƙa tsagewa, har sai da aka sauya fatar ginin gaba ɗaya wajen 2001. Amma zan dawo kan maganarka, domin wannan Bunshaft ɗin ya ba ka amsa da hannunsa a Jidda.

Kafin nan akwai abin da yake ci mini rai a tarihin nan, kuma ina so Aminu ya sa shi a takardarsa. Akwai mace a teburin da aka zana Lever House, sunanta Natalie de Blois. Ta shiga kamfanin a 1944. Ita ce babbar mai zane a ginin Pepsi-Cola da benen Union Carbide mai hawa 52, duka a Niyok a 1960. Ta yi shekara 30 a gidan, ta bar shi a 1974 ba a taɓa ba ta cikakken matsayin mai hannun jari ba. Wannan tsarin na "mu duka ne, ba sunan kowa" da ake yabo, Bunshaft bai rasa komai a cikinsa ba, shi ya karɓi kyautar Pritzker, babbar kyautar masu zanen gini, a 1988. Waɗanda sunansu ya nutse su ne irin su de Blois.

Malam Habibu: Hajiya, wannan laifin zamanin ne ko laifin tsarin? A shekarun 1950 wane kamfanin zane ne a Amurka yake ba mata wannan matsayi?

Hajiya Binta Mai Zane: Malam, zamani yana da nasa kason, ban musa ba. Amma kamfanin da ya iya ɗauko baƙo daga Dhaka ya mai da shi mai hannun jari, da ya ga dama zai iya ganin matar da take zaune a ofishinsa tun kafin baƙon ya iso Amurka. Ba gani ne ba su yi ba, sun gani sarai.

Aminu Ɗalibi: Wane baƙo ne daga Dhaka kuma?

Injiniya Sani: Yauwa, an zo wurina. Fazlur Rahman Khan. Ɗana, in ka manta kowane suna a muhawarar nan, kada ka manta wannan. An haife shi a 1929 a yankin da ya zama Bangladesh. Ya zo Amurka a 1952 da tallafin karatu, ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Illinois, ya shiga ofishin SOM na Shikago a 1955. Can ya haɗu da mai zane Bruce Graham, wanda ya yi suna da ginin Inland Steel na 1958, inda aka fitar da ginshiƙai waje, aka ware lifta da matakala da banɗaki a wata hasumiya daban, ofisoshin suka zama fili fetal.

Matsalar da Khan ya tarar ita ce iska. Mutane suna zaton nauyi ne abokin gaban dogon bene. Nauyi lissafinsa mai sauƙi ne, kowane hawa ka ƙara, ka san abin da ka ƙara. Iska kuwa tana tura ginin ta gefe, kuma ƙarfin da take neman kifar da shi yana ninkuwa fiye da yadda tsayin yake ƙaruwa. A tsohon tsari, ginshiƙai ne birjik a cikin gini, ana ta ƙara musu kauri don su jure. Da ka wuce hawa 40 ko 50, kuɗin ƙarfe sai ya fara cinye ribar. Khan ya ce a daina yaƙar iska daga ciki. A jera ginshiƙai kusa da juna a bangon waje, a ɗaure su da kauraran ƙarafa a kowane hawa, ginin gaba ɗaya ya zama bututu ɗaya mai rami da aka kafa a ƙasa. Ya fara gwada shi da kankare a wani benen gidajen kwana mai hawa 43, DeWitt-Chestnut, a tsakiyar shekarun 1960.

Sai John Hancock Center, hawa 100, mita 344, an gama a 1969. Ka nemi hotonsa ka ga manyan ƙarafan da suka gicciye a jikinsa daga ƙasa har sama. Ba ado ba ne. Su suke ɗaukar turin iska su rarraba shi ga dukkan ginshiƙai, shi ya sa aka iya buɗe tazara tsakaninsu. Ga lissafin da ya sa masu kuɗi suka saurara: benen Empire State na Niyok mai hawa 102 ya ci ƙarfe kimanin kilo 206 a kowace murabba'in mita, Hancock kuwa wajen kilo 145. Kuma Graham bai ɓoye ƙarafan da dutse ba, ya bar su a fili suka zama fuskar ginin. Mai zanen da bai ɗauki injiniya abokin shawara ba, ba zai yarda da haka ba.

Alhaji Garba Ɗan Kwangila: Injiniya, aikin ya tafi lami lafiya kuwa? Hawa 100 ba wasa ba.

Injiniya Sani: Ina fa. Ana cikin hawa aka gano cewa kankaren da aka zuba a ɗaya daga ramukan harsashin yana da gurbi, bai cika ba. Aka tsayar da aiki watanni ana bincikar sauran. Mai ginin na farko, Jerry Wolman, ya karye, kamfanin inshorar John Hancock da ya ba da bashi ya karɓe aikin. Kai ka fi kowa sanin abin da zubin kankare mara kyau yake jawowa.

Bari in ƙarasa da Sears. Kamfanin Sears a lokacin shi ne mafi girman dillalin kaya a duniya. Suna son manyan hawa masu faɗi a ƙasa don ma'aikatansu, da ƙanana a sama don 'yan haya. Khan da Graham suka haɗa bututu tara, kowanne murabba'i mai faɗin kusan mita 23, uku-uku a jere, suna jingine da juna kamar damin kara: kara ɗaya iska za ta lanƙwasa shi, dami kuwa sai ta gaji. Biyu suka tsaya a hawa na 50, biyu a na 66, uku a na 90, biyu suka kai ƙololuwa, mita 442. Ka ga siffar ginin da buƙatar mai shi da maganin iska duk abu ɗaya ne. Ya kai ƙarshen tsayinsa a 1973, ya riƙe kambun duniya har sai da tagwayen Petronas na Maleshiya suka karɓe a 1998. Tun 2009 ana kiransa Willis.

Maryam: Ina bin ku a hankali tun ɗazu. Hajiya, kin yi wa Alhaji alkawarin amsa daga Jidda, kada a wuce.

Hajiya Binta Mai Zane: Ban manta ba ƙanwata. Alhaji, ka sauka a Jidda da aikin Hajji?

Alhaji Garba Ɗan Kwangila: Na sauka, alhamdu lillahi, kuma ta nan na taso.

Hajiya Binta Mai Zane: To rumfar da ka zauna a ƙarƙashinta a filin jirgin alhazai, SOM ne suka zana ta, Fazlur Khan ne injiniyanta. An gama ta a 1981. Tantuna 210 ne, kowanne mita 45 a kowane gefe, an yi su da yadin zaren gilashi da aka shafe da Teflon, an rataye su da igiyoyin ƙarfe a jikin dogayen turaku. Farin yadin yana mayar da mafi yawan zafin rana, yana barin ɗan haske ya ratso, ba a buƙatar fitila da rana. Kowane tanti yana da kafa a ƙoƙonsa, iska mai zafi ta hau ta fice, gefuna kuma a buɗe. Sun lissafa cewa rufe wuri mai girman nan a sanyaya shi da na'ura ɓarna ce. Ta ci kyautar Aga Khan ta zanen gini a 1983.

Alhaji Garba Ɗan Kwangila: Allahu akbar. Na kwanta a kan tabarma a wurin nan ina kallon rufin, ga rana tana dukan waje amma a ciki kana iya yin barci. Na lura da zoben ƙarfen da yake saman kowane tanti, har na riƙa tunanin yadda aka ɗaga su. Ban taɓa kawowa mutanen akwatin gilashi ne ba.

Hajiya Binta Mai Zane: Akwai ma wanda ya fi dacewa da maganarka, domin shi benen ofis ne. Hedikwatar National Commercial Bank a Jidda, 1983, aikin Bunshaft na ƙarshe-ƙarshe. Hawa 27, mai kusurwa uku. Daga waje dutse ne zalla, ba ƙananan tagogi. Sai manyan kafofi uku da aka huda a jikinsa, kowace mai tsayin hawa da yawa. Gilashin ofisoshin yana can ciki yana kallon waɗannan kafofi, cikin inuwa, zafi kuma yana bi ta tsakiyar ginin ya fice sama. Mutumin da ya lulluɓe gini da gilashi a Niyok, da ya zo ƙasar rana sai ya juya wa rana baya. Daga baya ma a Kuwaiti, benen Al Hamra na 2011, bangon da yake fuskantar kudu kankare ne da dutse.

Alhaji Garba Ɗan Kwangila: Na ji, kuma na yaba. Amma Hajiya ban janye duka ba. Hoton da ya zagaya duniya na Lever House ne, ba na bankin Jidda ba. Wanda ya yi suna da abu yana da alhaki a kan abin da aka kwaikwaya daga gare shi. Kuma Burj Khalifa fa? Ba gilashi ba ne tun daga ƙasa har mita 828, a tsakiyar hamada?

Injiniya Sani: Nan kam Alhaji ka kama su. Gilashin na musamman ne mai mayar da zafi, amma ginin ba zai zaunu ba in babu sanyin na'ura dare da rana. Ta fuskar tsayuwa dai aikin gwaninta ne. Injiniyansa Bill Baker, shi ma ɗan ofishin Shikago, ya yi masa cibiya mai kusurwa shida da fukafukai uku, kowane fiffike yana tokare sauran. Ana hawa ana rage faɗin fukafukan bi da bi, don kada iska ta sami siffa ɗaya da za ta riƙa kaɗawa. Khan bai ga wannan ba. Ya rasu a Jidda a watan Maris na 1982 yana da shekara 52, ciwon zuciya, aka kai shi Shikago aka binne. Allah ya jiƙansa.

Maryam: Amin. Malam Habibu, su masu sunan fa, suna raye aka yi duk wannan?

Malam Habibu: Skidmore ya rasu a 1962, kafin a fara Hancock. Merrill a 1975, Owings a 1984. Kamfanin bai girgiza ba, domin hannun jarin ba gadon 'ya'ya ba ne, wanda ya yi ritaya yakan sauka wani ya hau daga cikin ma'aikata. Girgizar da suka sha ta kasuwa ce. A farkon shekarun 1990 an gina ofisoshi fiye da buƙata a Amurka da Ingila, kamfanin Olympia & York mai aikin Canary Wharf na Landan, wanda SOM suka tsara masa filin, ya karye a 1992. Sun sallami ma'aikata da yawa. Abin da ya tashe su shi ne Asiya da ƙasashen Larabawa: Jin Mao a Shanghai mai hawa 88 a 1999, sai Burj Khalifa a Dubai. Adrian Smith da ya zana waɗannan biyun ya fice a 2006 ya kafa nasa, shi ne mai zanen Jeddah Tower. David Childs na SOM kuma ya yi One World Trade Center, wato sabon benen da ke kusa da gurbin tagwayen Niyok, mita 541, aka buɗe a 2014.

Hajiya Binta Mai Zane: Ku ƙara da wannan. Benen Union Carbide da na ce de Blois ta zana, bankin JPMorgan Chase ya rushe shi tsakanin 2019 da 2021 don gina wanda ya fi shi girma. Mita 215, lafiyarsa ƙalau, an ma yi masa gyara na zamani 'yan shekaru kafin nan. A lokacin shi ne gini mafi tsayi da aka taɓa rushewa da gangan. Masu kare kayan tarihi sun nemi a sa shi cikin gine-ginen da doka ta kare kamar yadda aka yi wa Lever House a 1982, hukumar birnin ba ta yarda ba. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Alhaji Garba Ɗan Kwangila: Hawa 52 a tsakiyar gari, yaya aka yi aka sauke shi? Nakiya?

Injiniya Sani: Ba halin nakiya Alhaji, layukan jirgin ƙasa masu shiga tashar Grand Central suna bi ta ƙarƙashinsa, ga maƙwabta ta ko'ina. Kwance shi aka yi daga sama. Aka fara kwashe kayan ciki, aka lulluɓe shi da sikafol da raga, sannan aka riƙa yanka ƙarafan ana saukewa da kuren, hawa bayan hawa, jiragen ƙasa suna ta wucewa a ƙasa har aka gama.